Maganaɗisu zai iya kai maganin kansa inda ƙari yake?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga likitoci da masana kimiyyar da ke cikinmu. Wani bidiyo na yawo, wai an ƙero wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe da ake ɗora wa maganin kansa, a yi wa mara lafiya allurarsu, sannan a kanga maganaɗisu a daidai wurin da ƙarin yake, duk maganin ya taru a can, sauran jiki ya huta. Ba zubewar gashi, ba amai. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, me ake jira? Duk wanda ya taɓa jinyar mai karɓar kemo, wato maganin kansa da ake sa wa a jini, ya san dalilin tambayata.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1978 Kenneth Widder da abokan aikinsa a Amurka suka cusa maganin doksorubisin da garin ƙarfe a cikin 'yan dunƙulallun furotin, suka yi wa ɓeraye allura, suka tsayar da maganin a wutsiya da maganaɗisu. A shekarar 2000 kuma Christoph Alexiou da mutanensa a Jamus suka gwada a kan zomaye masu ƙari a ƙafa. Da wani kaso kaɗai na maganin da aka saba bayarwa ƙarin ya ɓace, kuma zomayen ba su galabaita yadda na kemo zalla suke yi ba. Ni dai ina ganin nan gaba ta wannan hanya za a riƙa ba da magani.

Dakta Hadiza: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Bari in fara da abin da ya sa ake neman wannan hanya tun farko, don Hajiya ta ga cewa damuwarta ita ce damuwarmu. Yawancin magungunan kemo suna kai hari ne ga ƙwayoyin halittar da ke saurin rabuwa suna ninkuwa. Na kansa haka suke, amma haka ma na tushen gashi, da na ɓargo inda ake ƙera jini, da na fatar cikin baki da hanji. Shi ya sa gashi ke zuba, jini ya yi ƙasa, baki ya yi gyambo. Doksorubisin ɗin da Injiniya ya ambata yana taɓa naman zuciya, har akwai iyakar abin da za a ba mutum a duk tsawon rayuwarsa, tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Sau da yawa magani na aiki a kan ƙarin, amma dole mu tsaya saboda jikin ba zai ɗauka ba. To wane likita ne ba zai so hanyar da za ta tara magani wuri guda ba? Amma a yau, babu asibitin da ake ba da kemo ta hanyar jan maganaɗisu a matsayin magani tabbatacce. Abin yana matakin bincike.

Ummu Khalil: Tun 1978 kuma har yanzu bincike, Dakta? Ina gizo ke saƙar?

Sadiya A.: Anti, kafin a zo nan bari in faɗi yadda ƙwayoyin suke, don a kansu nake aikin digirina na biyu a fannin sinadarai. Ba guntun ƙarfe ba ne irin na ƙusa. Sinadari ne na ƙarfe da iskar oksijin, ana kiransa magnetayit. Haɗa shi ba wuya: gishirin ƙarfe iri biyu ake narkawa a ruwa, a zuba amoniya, nan take ruwan ya koma baƙi ƙirin. Girman kowace ƙwaya bai wuce nanomita 10 zuwa 20 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ita kuwa jar ƙwayar jini faɗinta ya kai nanomita 7,000 zuwa 8,000.

Wannan ƙanƙanta ita ce sirrin abin. In ƙwayar ta kai wannan ƙanƙanta, takan amsa kiran maganaɗisu ne kawai lokacin da yake kusa, ana janye shi sai ta saki, ba ta riƙe ƙarfin jan a jikinta. Da tana riƙewa, da ƙwayoyin sun manne da juna sun cure sun toshe jijiya. Bayan haka sai a lulluɓe su da wani sinadarin rufi, kamar dekstiran (dangin sukari) ko wanda ake kira PEG, don kada su dunƙule, kuma don garkuwar jiki ta yi jinkirin gane su. A kan wannan rufin ake ɗaura maganin. Wasu ma sukan yi ɗaurin da ke kwancewa in ya shiga wuri mai tsami, domin kewayen ƙari ya fi jini tsami. A ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami ya fi yawa, jini yana kan 7.4, kewayen ƙari yakan sauka ƙasa da 7.

Malam Nura: Madalla da bayanin Sadiya. Hajiya, amsar tambayarki a fannina take, don kimiyyar fiziks nake koyarwa. Matsalar nisa ce. Ki tuna wasan da yara ke yi, a ɗora allura a kan takarda, a riƙa jan ta da maganaɗisu ta ƙasa, tana bi. A sauya takardar da katako mai kauri, allurar ba za ta ko motsa ba. Ƙarin ɓera a ƙarƙashin fata ake dasa shi, tsakaninsa da maganaɗisu 'yan milimita ne. Ƙarin ɗan Adam kuwa yana iya kasancewa a huhu, ko cikin hanta, ko tsakiyar ƙwaƙwalwa, santimita 10 ko fiye daga fata. Ƙarfin jan yana faɗuwa da sauri ƙwarai da zarar an ɗan matsa, bayan 'yan santimita kaɗan abin da ya rage ba ya iya tsayar da komai.

Akwai ta biyu, kuma ita ce ke cin karo da abin da Sadiya ta yaba. Ƙarfin da ke jan ƙwaya ya dogara ne ga yawan ƙarfen da ke cikinta. In aka rage faɗinta da rabi, jan ya ragu sau 8. Wato ƙanƙantar da ke hana ta toshe jijiya ita ce kuma ke sa ta kasa jin kira. Ga jini yana gudu, a manyan jijiyoyi santimita gommai a cikin daƙiƙa guda. Sai a ƙananan jijiyoyi masu siririn gaske, inda gudun ya sauko kusan milimita ɗaya a daƙiƙa, ake da fatan riƙe wani abu.

Injiniya Bashir: Malam, ai wannan matsalar ƙarfin na'ura ce, kuma injiniyoyi na magance irinta. Na'urar ɗaukar hoto ta MRI da ke asibitoci tana da ƙarfin maganaɗisu na tesla 1.5 ko 3, kuma mutum gaba ɗaya ake shigarwa cikinta. Me zai hana a yi amfani da ita?

Malam Nura: A'a Injiniya, ba yawan tesla ke ja ba. Abin da ke jan ƙwaya shi ne bambancin ƙarfi tsakanin nan da can, ƙwayar ta bar inda yake da rauni ta nufi inda ya fi yawa. A tsakiyar MRI kuwa da gangan aka daidaita ƙarfin ya zama bai ɗaya, don hoto ya fita tas. Ƙwayar za ta juya ta fuskanci filin maganaɗisun, wato ƙarfin da ke kewaye da ita, amma ba ta da inda za ta nufa. Sannan akwai ƙa'idar da Samuel Earnshaw ya tabbatar tun 1842. Abin da ta haifar a nan shi ne, duk yadda ka jera maganaɗisu tsayayyu a wajen jiki, ba za ka samar da wani gurbi a can ciki inda ƙarfin ya fi ko'ina ba. Kullum wurin da ya fi ƙarfi yana jikin maganaɗisun ne. Saboda haka wajen fata ƙwayoyin za su nufa, ba zurfi ba. Wannan ba rashin kuɗi ba ne ko rashin dabara, haka halittar abin take.

Injiniya Bashir: Na ji, amma ƙa'idar a kan maganaɗisu tsayayye take magana. In ana sauya filin daƙiƙa bayan daƙiƙa kwamfuta na lura, labari ya canza. A 2007 Sylvain Martel da mutanensa a Montreal ta Kanada sun tuƙa wani ɗan ƙwallon ƙarfe a cikin jijiyar wuyan alade mai rai, da na'urar MRI ta asibiti. Ba tsayar da shi suka yi ba, tuƙa shi suka yi. Dabarar ke nan, a duk inda jijiya ta rabu biyu a karkata shi zuwa reshen da ke kaiwa ga ƙari.

Malam Nura: Haka ne, kuma aiki ne mai ban sha'awa. Sai dai faɗin ƙwallon milimita 1.5 ne. Ka kwatanta da nanomita 20 ɗin Sadiya, ka ga ratar da ake ƙoƙarin cikewa.

Dakta Hadiza: Ku bari in shigar da mutane cikin zancen, don ɓera da alade sun yi yawa. An gwada a jikin ɗan Adam. A 1996 Andreas Lübbe da abokan aikinsa a Jamus suka fitar da sakamakon gwaji a kan majinyata 14 da kansarsu ta yi nisa. Maganin kemo mai suna epirubisin aka ɗora wa ƙwayoyin, aka kanga maganaɗisu a kan ƙarin da ke kusa da fata na awa ɗaya zuwa biyu. Jikinsu ya karɓi abin ba tare da babbar matsala ba, wannan nasara ce. Amma a kusan rabinsu kaɗai aka ga alamar ƙwayoyin sun taru a ƙarin, alhali an zaɓi ƙari mafi sauƙin kaiwa. Daga baya wani kamfani a Amurka ya kai gwajin kansar hanta mataki mai nisa, aka dakatar a 2004 saboda bai kai ga abin da aka sa rai ba.

Ga kuma wani lissafi da ya girgiza masu wannan fanni. A 2016 ƙungiyar Warren Chan a Toronto ta tattara binciken shekaru goma da aka yi a kan dabbobi da ƙananan ƙwayoyi iri-iri, ba na ƙarfe kaɗai ba. Suka tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka yi allura ne ke isa ƙari. Sauran akasari hanta da saifa ke kwashewa, don aikinsu ke nan, tace baƙon abu daga jini.

Sadiya A.: Dakta, wannan 0.7 ɗin an yi ta ja-in-ja a kansa. Masu suka sun ce shi ma magani zalla abin da ke isa ƙari kaɗan ne ƙwarai, don haka ba adadin da ya isa ne abin dubawa ba, a duba ko majinyaci ya amfana. Doksil, wato doksorubisin da aka zuba cikin 'yan kumfan kitse, an amince da shi a Amurka tun 1995, kuma babban alfanunsa rage illa ga zuciya ne.

Dakta Hadiza: Kin yi daidai ƙanwata, muna amfani da shi. Amma lura, babu maganaɗisu a cikinsa. Tambayar da ke gabanmu ita ce me maganaɗisun ya ƙara, kuma a nan ne hujja ta yi ƙaranci.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, ina biye da ku tun ɗazu. Abu ɗaya ya tsaya mini. An zuba wa mutum ƙarfe a jini, an gama magani. Ina ƙarfen yake zuwa? Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Aliyu mai harhaɗa magunguna: Baba, a wannan ɓangaren hankali ya fi kwanciya. Jikin baligi dama yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini. Ƙwayoyin garkuwa da ke hanta da saifa suna haɗiye waɗannan ƙwayoyi, su narkar da su a hankali, ƙarfen ya shiga ma'ajiyar jiki, daga baya a ƙera sabon jini da shi. Har akwai magani mai suna ferumoksitol, wanda shi kansa irin waɗannan ƙwayoyi ne, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2009 don masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin ƙarfe a jini. Miligiram 510 ake ba da shi a tashi ɗaya. Amma ba a ce babu haɗari ba. A 2015 hukumar ta sa masa gargaɗi mafi tsanani, domin wasu jikinsu kan ƙi shi farat ɗaya, numfashi ya sarƙe, ƙarfin bugun jini ya faɗi, har an rasa rayuka. Kuma jiki ba shi da wata hanya mai sauƙi ta fitar da rarar ƙarfe, in aka yi ta maimaitawa zai taru. Sai abin da ya fi damuna ni, in hanta ce ke kwashe yawancin ƙwayoyin, to da maganin kansar da ke goye a bayansu take kwashewa.

Alhaji Garba: Allah ya yi albarka. Na gane.

Injiniya Bashir: Duk da haka ba za a ce abin bai kai asibiti ba. NanoTherm fa? A 2010 aka ba shi izini a Turai don kansar ƙwaƙwalwa. Ana zuba ƙwayoyin a cikin ƙarin, a sa kan majinyaci cikin na'ura mai filin maganaɗisu da ke juyawa sau 100,000 a daƙiƙa, ƙwayoyin su ɗau zafi su gasa ƙarin daga ciki. A gwajin da aka yi a Berlin, majinyata 59 da giliyobilastoma, wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa, ta dawo musu sun rayu watanni 13.4 a tsaka-tsaki bayan dawowar cutar, alhali alƙaluman baya sun nuna kusan watanni 6.

Dakta Hadiza: Abu uku, Injiniya. Wannan zafi ne, ba kai magani ba. Kuma allura ce ta kai ƙwayoyin cikin ƙarin, likitan tiyata ya soka ta da hannunsa, maganaɗisu bai ja komai ba. Na uku shi ne mai nauyi: an haɗa musu da gashin radiyoterafi, kuma ba a raba majinyatan gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, da alƙaluman wasu majinyata na baya aka kwatanta. Wanda aka zaɓa don irin wannan gwaji sau da yawa dama ya fi sauran ƙarfin jiki. Ban ce bai yi aiki ba, na ce wannan gwajin ba zai iya tabbatarwa ba. Kamfanin ma ya durƙushe a 2022.

Injiniya Bashir: Durƙushewar kamfani ba hukunci ba ne a kan kimiyya, Dakta. Babban gwaji na cin dukiya mai yawa, ƙaramin kamfani ba ya iyawa. Abubuwa masu kyau da yawa a wannan gaɓar suke mutuwa, kuma wannan yana ci mini rai.

Aliyu mai harhaɗa magunguna: Akwai gaskiya a maganarka, amma akwai abin da ba kuɗi ba. Ƙwayar magani ta yau da kullum sinadari ɗaya ce, ko a ina aka haɗa ta iri ɗaya za ta fito. Wannan kuwa akwai ƙarfe a tsakiya, ga rufi, ga ɗauri, ga magani, ga na'urar maganaɗisu a waje. Girma ya ɗan sauya, halinta a jini ya sauya. Hukuma za ta ce ka nuna cewa haɗin yau da na baɗi ɗaya ne.

Sadiya A.: Wallahi wannan ita ce wahalarmu a ɗakin gwaji. Kuma da zarar ƙwayar ta shiga jini, furotin ɗin jini na lulluɓe ta cikin ɗan lokaci, sai ta zama ba abin da ka auna a kwalba ba.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Akwai masu tallar awarwaro da katifa da kofin ruwa masu maganaɗisu, suna cewa suna janye cuta daga jini har da kansa, wai tunda akwai ƙarfe a jini. Yana da alaƙa da wannan?

Malam Nura: Ko kaɗan. Ƙarfen da ke cikin jini a warwatse yake ɗai-ɗai a cikin himogulobin, furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini, ba ya bin maganaɗisu irin yadda ƙusa ke bi. Da yana bi, da ba wanda zai shiga MRI ya fito lafiya.

Dakta Hadiza: Maman Ilham, na gode da kika kawo wannan, don shi ne ya fi tayar mini da hankali. Irin bidiyon da Hajiya ta gani shi 'yan damfara ke fakewa da shi. Babu awarwaro ko katifar da ke taɓa kansa. Ina roƙon duk mai ƙari a mama ko wani wuri, ko mai ɗan uwa da aka ce a fara masa kemo, kada ya jinkirta yana jiran sabuwar fasaha. Kansar mama da aka kama da wuri ana warkewa da tiyata da magungunan da ke hannu yanzu. Watannin da za a ɓata ana jira su ne ke ba ta damar bazuwa. In kuwa ta bazu zuwa ƙashi da huhu da hanta, wasu wuraren ma ƙanana ne hoto bai nuna su ba, a ina za a kanga maganaɗisun? Bazuwar nan ita ke kashe yawancin masu kansa, kuma dabarar da muke magana a kai ba ta da amsarta.

Ummu Khalil: Jikina ya yi sanyi, amma gara da na tambaya. To Dakta, ke nan babu wani amfani da majinyaci ke samu daga ƙwayoyin nan a yanzu?

Dakta Hadiza: Akwai, Hajiya, sai dai ba ta inda bidiyon ya nuna ba. A tiyatar kansar mama muna buƙatar gano kaluluwar farko a hammata da ruwan mama ke bi ta cikinta, a cire ta a duba ko cutar ta kai can. An saba yin haka da sinadari mai radiyeshin da shuɗin rini. Yanzu akwai ruwan ƙwayoyin ƙarfe mai suna Magtrace, Amurka ta amince da shi a 2018. Ana yin allurarsa a mama, ya gangara ya taru a kaluluwar, likita ya bi shi da ɗan sanda mai jin maganaɗisu. Asibitin da ba shi da sashen nukiliya ma zai iya wannan aiki. A nan an bar jiki ya kai ƙwayoyin inda dama yake kai su, maganaɗisu nemo su kawai yake yi.

Injiniya Bashir: To a kan kai maganin fa, kin rufe ƙofa ke nan?

Dakta Hadiza: Ban rufe ba. Ka koma kan zomayen Alexiou da ka kawo. Da aka bi ta jijiyar da ke kai jini kai tsaye ga ƙarin aka samu nasara, da aka bi ta jijiyar da ake sa ƙarin ruwa ba a samu irinta ba, don hanta ta riga maganaɗisu. Saboda haka inda nake sa rai shi ne ƙari guda ɗaya, wanda bai bazu ba, yana kusa da fata, a hannu ko ƙafa ko wuya, kuma ana iya zura siririn bututu har bakin jijiyar da ke ciyar da shi. Majinyata kaɗan ne ke cika waɗannan sharuɗɗa, amma suna nan, musamman waɗanda tiyata za ta raba su da gaɓa.

Malam Nura: A irin wannan zurfin lissafi ma ya yarda. Musamman in aka cure ƙananan ƙwayoyi da yawa cikin dunƙule ɗaya mai nanomita 100 zuwa 200, jan ya ƙaru, kuma kowace ƙwaya a ciki tana nan da halinta na saki in an janye maganaɗisu.

Injiniya Bashir: In an yi irin wannan gwajin, wane sakamako ne zai sa ki rubuta wa majinyacinki shi?

Dakta Hadiza: A raba majinyata ta ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin ta bututun nan zalla, kashi na biyu a ba su shi goye da ƙwayoyin ba tare da maganaɗisu ba, kashi na uku a kanga musu maganaɗisu. A ɗauki hoton MRI a auna ƙarfen da ya zauna a ƙarin da wanda ya tafi hanta, tunda ƙwayoyin suna fitowa baƙi a hoto. Sannan a bi su shekaru, a ga ƙarin wa ya dawo, zuciyar wa da ɓargon wa suka tsira, wa ya fi daɗewa. In kashi na uku ya fi sauran biyun, zan rubuta shi, kuma ni da kaina zan zo nan in sanar da Hajiya.